Doguwar tafiya a kan keke

Doguwar tafiya a kan keke ita ce tafiyar da mutum ke yi ta kwanaki, makonni, watanni, wani lokacin ma shekaru, yana tuƙa keke daga gari zuwa gari ko daga ƙasa zuwa ƙasa, ɗauke da kayansa da guzurinsa. Ta bambanta da tseren keke, domin a cikinta ba a neman wanda zai zo na ɗaya. Wasu na yin ta don yawon buɗe ido, wasu don neman ilimi ko ziyarar ibada, wasu don tara kuɗin taimako, wasu kuma don kafa tarihi. Matafiyi mai ɗauke da kaya galibi yakan ci kilomita 60 zuwa 100 a rana.

Abin da ya fi tasiri a kan saurin tafiyar, da wahalarta, da tsaron ran matafiyin, shi ne yanayin hanya: irin shimfiɗarta, faɗinta, yawan motocin da ke bin ta, da dokokin tuƙi na ƙasar da ake ciki. Saboda haka tarihin wannan tafiya yana tafe kafaɗa da kafaɗa da tarihin gina hanyoyi.

Ire-irenta

Akwai mai dogaro da kansa, wanda ke ɗaukar tanti, abin kwanciya, ƙaramin risho da kayan gyara, ya kwana duk inda dare ya same shi. Akwai mai tafiya da kaya marasa nauyi, yana kwana a otal ko masauki yana sayen abinci a hanya. Akwai kuma tafiyar ayari, wadda kamfani ko ƙungiya ke shiryawa, mota na biye da mahaya da kayansu da abincinsu. A shekarun baya-bayan nan wani salo ya yaɗu, inda ake ɗaure ƙananan jakunkuna a jikin keken kansa maimakon a kan kariya, don a samu sauƙin bin hanyoyin daji da na duwatsu.

Tarihi

Mutum na farko da ya zagaya duniya a kan keke shi ne Thomas Stevens, haifaffen Ingila. Ya tashi daga San Francisco ranar 22 ga Afrilu 1884 a kan tsohon samfurin keke mai ƙatuwar ƙafar gaba da 'yar ƙaramar ƙafar baya, ya isa Boston ranar 4 ga Agusta. A yammacin Amurka na wancan zamani babu titin kirki, sai turbar amalanke da layin dogo, don haka kusan kashi ɗaya cikin uku na wannan zango tura keken ya yi da ƙafa. Daga nan ya ratsa Turai, Turkiyya, Iran, Indiya da Sin, ya ƙare a Yokohama ta Japan a watan Disamba 1886.

Ƙirƙira biyu suka sa tafiyar ta yiwu ga talakan mahayi. A 1885 John Kemp Starley ya fito da keke mai sarƙa wanda ƙafafunsa suka kusan zama daidai, a 1888 kuma John Boyd Dunlop ya fito da tayar da ake hura wa iska. Annie Londonderry ta bar Boston a 1894 ta kammala zagayen duniya a 1895, ko da yake ta yi wani babban ɓangare na tafiyar a jirgin ruwa da jirgin ƙasa. A 1897 wata rundunar sojojin Amurka baƙar fata ta tuƙa kekuna daga Missoula zuwa St. Louis, kimanin kilomita 3,000 cikin kwana 41, a cikin laka da yashi.

Mahaya keke ne suka fara matsa wa gwamnatoci lamba a gyara hanyoyi, tun kafin mota ta yawaita. An kafa ƙungiyar masu yawo da keke ta Birtaniya a garin Harrogate a 1878, wadda a yau ake kira Cycling UK. A Amurka ƙungiyar League of American Wheelmen, da aka kafa a 1880, ta jagoranci fafutukar neman kyawawan hanyoyi. Ƙungiyar ANWB ta Holan, da aka kafa a 1883, da Touring Club na Faransa na 1890, duk daga mahaya keke suka samo asali, sun kuma yi aikin kafa allunan nuna hanya da buga taswirori.

A ƙarni na 20 an samu fitattun matafiya da dama. Kazimierz Nowak ɗan ƙasar Poland ya ratsa Afirka daga arewa zuwa kudu ya kuma dawo tsakanin 1931 da 1936, kimanin kilomita 40,000, mafi yawa a keke, sauran a doki, raƙumi, kwalekwale da ƙafa. A 1952 ɗan Najeriya Olabisi Ajala, yana ɗalibi a Amurka, ya tuƙa keke daga Chicago zuwa Los Angeles, sama da kilomita 3,600, kuma sunansa ya zama laƙabin mai yawan tafiye-tafiye a Najeriya. Bajamushe Heinz Stücke ya bar gida a 1962 ya shafe sama da shekara 50 yana yawo a keke. A 1963 Dervla Murphy ta tashi daga Ireland zuwa Indiya ita kaɗai, ta bi ta Iran, Afganistan da Pakistan.

Keke da kaya

Keken doguwar tafiya ana ƙera shi ne don ɗaukar nauyi da jure wahala. Matafiya da yawa sun fi son jikin keke na ƙarfe a kan na alminiyam, domin in ya tsage mai walda a kowane gari zai iya liƙe shi. Ana saka masa giya masu laushi don hawan tudu da kaya, da kariya a gaba da baya inda ake rataye jakunkunan da ruwa ba ya shiga. Faɗin taya ya danganta da hanya: siririya ta fi gudu a kwalta, mai faɗi ta fi riƙe ƙasa a tsakuwa da yashi.

Kayan gyaran da ba a barin su sun haɗa da famfon iska, kayan faci, tub na ko-ta-kwana, wayar birki, man sarƙa da ƙananan sifanu. Masu zuwa ƙasashe masu nisa sukan zaɓi girman taya da irin birkin da ake samun kayansu a kasuwar kowane gari, domin keke mai tsada da ba a samun kayan gyaransa yana iya tsayar da mutum makonni yana jiran saƙo.

Shimfiɗar hanya

A kwalta mai kyau tafiya ta fi sauri, amma nan ne motoci suka fi yawa suka kuma fi gudu. Kwaltar da ta farfashe tana da nata haɗarin: mai keke na kauce wa ramuka, direbobi ma na kauce musu, har su shigo hannunsa.

Hanyar burji da ta tsakuwa ba su da cunkoso, sai dai suna yin gargada. Gargadar tana samuwa ne idan tayoyin motoci suka riƙa wucewa da gudu a kan busasshiyar ƙasa mai sako-sako, sai ƙasar ta yi kunya-kunya a jere. Jijjigar da take jawowa tana kwance notuna, tana karya kariya, tana sa hannun mahayi ya yi sanyi, kuma tana iya rage tafiyar yini zuwa rabi. A yashi mai zurfi dole a sauka a tura. Da damina laka mai danƙo takan cushe tsakanin taya da jikin keke har ƙafar ta daina juyawa. Ƙaya ma matsala ce: tsidau, wanda aka sani a ƙasar Hausa, yana fitowa a yammacin Amurka da Ostireliya, kuma yana cikin abubuwan da suka fi huda tayar keke a can.

Tudu da iska suna sauya lissafi ko da hanya tana da kyau. Iskar da ke bugowa daga gaba tana iya gajiyar da mutum fiye da hawan dutse, shi ya sa ake duba inda iska ta saba fitowa kafin a zaɓi ta inda za a fara. A yammacin Turai ta fi busowa daga yamma, a yankin Sahel kuwa iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, da ƙurar da ke rage gani.

Motoci da dokokin hanya

Babban haɗarin da ke gaban mai doguwar tafiya shi ne mota. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne, da masu keke, da masu babur. Yankin Afirka ne ke da mafi yawan mace-mace idan aka auna da yawan jama'a, kimanin mutum 19 cikin kowane 100,000, Turai kuma mafi ƙaranci, kimanin 7.

Abin da ya fi kare mai keke a babban titi shi ne a sami fili mai kwalta a gefen titin, bayan farin layi. Inda babu shi, tirela ko tanka mai wucewa da gudu tana turo iskar da ke ture keke gefe, sannan ta jawo shi ciki bayan ta wuce. A Ostireliya akwai manyan motoci masu jan tirela uku ko fiye, kuma mahaya sukan sauka daga kwalta gaba ɗaya idan sun hango su. Gwaninta ba ta kawar da wannan haɗari: Mike Hall ɗan Birtaniya, wanda ya taɓa lashe tseren zagaya duniya, mota ce ta kaɗe shi ya mutu kusa da Canberra ranar 31 ga Maris 2017.

Wasu ƙasashe sun ƙayyade tazarar da direba zai bari idan zai wuce mai keke. A Faransa mita 1 ce cikin gari da mita 1.5 a wajen gari. A Jamus, tun 2020, mita 1.5 ce cikin gari da mita 2 a waje. A Sifaniya mita 1.5 ce. Sanya hular kwano wajibi ne a Ostireliya da New Zealand, a Sifaniya kuma wajibi ne a wajen gari. A Faransa dole mai keke ya sa riga mai ƙyalli da dare idan yana wajen gari. An haramta keke a manyan titunan gudu na mafi yawan ƙasashen Turai, amma wasu jihohin yammacin Amurka sun yarda a bi gefen irin waɗannan tituna inda babu wata hanyar.

Hanyoyin da aka haƙa ta cikin dutse suna buƙatar shiri na musamman. A Norway an hana keke shiga da yawa daga cikinsu, har da na Laerdal mai tsawon kilomita 24.5. Wanda ke kaiwa tsibirin North Cape a buɗe yake ga keke, amma tsawonsa ya kusan kilomita 7, kuma yana gangarawa sama da mita 200 ƙarƙashin teku kafin ya sake hawa.

Hannun tuƙi ma yana sauyawa daga ƙasa zuwa ƙasa. Birtaniya, Indiya, Japan, Tailan da Ostireliya hagu suke bi. Wanda ya fito daga Habasha ya shiga Kenya ta garin Moyale zai koma daga dama zuwa hagu, kuma haka zai ci gaba har Afirka ta Kudu.

Fitattun hanyoyi

A Turai akwai tsarin EuroVelo, wanda Tarayyar Mahaya Keke ta Turai ke kula da shi. Yana da hanyoyi 17 da jimillar tsawonsu ya haura kilomita 90,000, sai dai ba duka aka kammala ba: wani sashe hanyar keke ce zalla, wani kuma titin mota ne da aka kafa wa alama. Hanya ta 6 ta tashi daga gaɓar Tekun Atlantika a Faransa zuwa Bahar Aswad a Romaniya, tana bin kogunan Loire, Rhine da Danube. Sashenta na tsakanin Passau da Vienna, kimanin kilomita 320, shimfiɗaɗɗe ne kuma yawancinsa babu mota, shi ya sa iyalai da tsofaffi ke bin sa. Ƙasar Holan ita kaɗai tana da kimanin kilomita 35,000 na hanyoyin keke.

A Amurka an buɗe hanyar TransAmerica a 1976, lokacin bikin cikar ƙasar shekara 200. Tana da tsawon kusan kilomita 6,800 daga Astoria a jihar Oregon zuwa Yorktown a Virginia, kuma an tsara ta ne ta ƙananan titunan karkara don kauce wa cunkoso. Hanyar Great Divide kuwa, daga Banff a Kanada zuwa iyakar Meziko, kimanin kilomita 4,400 ce, kuma mafi yawanta babu kwalta.

A Kudancin Amurka hanyar Carretera Austral ta ƙasar Chile tana da kilomita 1,240 daga Puerto Montt zuwa Villa O'Higgins. An san ta da tsakuwa, ruwan sama da ketare ruwa a jirgin fito. Mai son ratsa nahiyar Amurka daga Alaska zuwa Ajantina dole ya hau jirgin ruwa ko na sama tsakanin Panama da Kolombiya, domin babu titi a dajin Darien.

A Asiya, Koriya ta Kudu ta buɗe hanyar keke mai kilomita 633 daga Incheon zuwa Busan a 2012, da rumfunan da matafiyi ke buga hatimi a ɗan littafinsa. Hanyar Pamir ta Tajikistan akasin haka take: tsohuwar kwalta ce ta zamanin Tarayyar Sobiyet da ta lalace a wurare da yawa, tana hawa har mita 4,655 a mashigar Ak-Baital, inda ƙarancin iskar shaƙa ke wahalar da mahaya.

A Afirka

Hanyar da ta fi suna a nahiyar ita ce ta Alƙahira zuwa Cape Town, mai tsawon sama da kilomita 10,000. A 2003 aka fara tafiyar ayari ta Tour d'Afrique a kanta, wadda a lokacin ta ɗauki kimanin wata huɗu. A wancan lokacin sassan da aka fi tsoro su ne yashin arewacin Sudan da hanyar duwatsu da gargada ta arewacin Kenya, tsakanin Moyale, Marsabit da Isiolo. Daga baya an shimfiɗa kwalta a dukansu, na Kenya an kammala shi a 2017. A 2015 Mark Beaumont ɗan Scotland ya yi wannan tafiya cikin ƙasa da kwana 42. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu 2023 ya katse hanyar. A Botswana, tsakanin Nata da Kasane, giwaye na ketare titi, kuma ana gargaɗin mahaya su ba su tazara.

Masu shigowa Afirka ta Yamma daga Turai sun fi bin gaɓar teku, ta Maroko, Yammacin Sahara da Muritaniya zuwa Senegal, inda akwai kwalta amma rijiyoyi da garuruwa suna nesa da juna. Hanyar da ta ratsa Sahara daga Aljiyas zuwa Legas, kimanin kilomita 4,500, tana bi ta Tamanrasset, Agadas, Damagaram da Kano, amma matsalar tsaro ta sa baƙin matafiya sun ƙaurace mata. Riaan Manser ɗan Afirka ta Kudu ya zagaya gaɓar nahiyar baki ɗaya a keke tsakanin 2003 da 2005.

A 2023 wani ɗalibi ɗan ƙasar Gini, Mamadou Safayou Barry, ya hau keke da niyyar zuwa Jami'ar Azhar saboda ba shi da kuɗin jirgi. Ya yi kimanin kilomita 4,000 cikin wata huɗu, ya ratsa Mali, Burkina Faso, Togo, Benin da Nijar, an kuma tsare shi sau uku a hanya. A Chadi labarinsa ya bazu, masu taimako suka saya masa tikitin jirgi zuwa Masar, jami'ar ta ba shi gurbin karatu kyauta.

Ketare iyaka

Keke galibi ba ya buƙatar takardun kwastam irin na mota, amma mahayinsa na buƙatar fasfo da biza. Wa'adin biza shi ke ƙayyade saurin tafiya a wurare da dama. A yankin Schengen na Turai, baƙo mai gajeriyar ziyara ba ya wuce kwana 90 cikin kowane kwana 180, kuma wannan bai isa a bi wasu dogayen hanyoyin EuroVelo a natse ba. Wasu ƙasashen na neman tikitin komawa ko shaidar kama otal, abin da ke yi wa mai keke wuya. Yankin Pamir yana buƙatar izini na daban. A wasu sassan Masar da lardin Balochistan na Pakistan, jami'an tsaro na raka baƙi ko su ɗora kekunansu a mota. Ƙasashen Afirka da yawa na neman katin allurar shawara.

Wahalar samun biza ba ɗaya ba ce ga kowa. Mai fasfon Jamus ko Japan yana shiga ƙasashe da yawa ba tare da biza ba, mai fasfon yawancin ƙasashen Afirka kuwa sai ya nema tun daga gida, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa yawancin sanannun masu zagaya duniya a keke suka fito daga Turai da Arewacin Amurka.

Lafiya da tsaro

Ƙishirwa da zafin rana su ne matsalar yau da kullum a ƙasashe masu zafi, don haka ake sammako a huta da tsakar rana. Sauran sun haɗa da zazzaɓin cizon sauro, gudawa daga gurɓataccen ruwa, gyambon sirdi da ciwon gwiwa. Karnukan makiyaya na bin masu keke a Turkiyya, Girka da Romaniya, kuma likitoci na ba da shawarar rigakafin cutar haukan kare ga mai zuwa inda asibiti ke da nisa. Hari a kan matafiya bai kai haɗarin mota yawa ba, amma yana faruwa. Ranar 29 ga Yuli 2018 wasu mahara suka kaɗe ayarin masu keke da mota a gundumar Danghara ta Tajikistan, suka kashe huɗu: Amurkawa biyu, ɗan Holan ɗaya da ɗan Switzerland ɗaya. Ƙungiyar IS ta ɗauki alhakin harin.

Matafiya na rage haɗari ta hanyar guje wa tuƙin dare, sanya madubi da fitilar baya, da zaɓar ƙananan hanyoyi ko da sun fi tsawo. Taswirorin waya da aka gina a kan OpenStreetMap suna nuna irin shimfiɗar hanya da tudunta, ƙungiyar Warmshowers kuma, da aka fara a 1993, tana haɗa matafiya da masu ba su masauki kyauta.

Bajintar zagaya duniya

Kundin bajinta na Guinness ya sharɗanta cewa mai neman kambun zagaya duniya ya tuƙa aƙalla kilomita 29,000 yana fuskantar gabas ko yamma ba tare da komawa baya ba, ya kuma ratsa wurare biyu da ke daura da juna a doron ƙasa. A 2017 Mark Beaumont ya yi haka cikin kwana 78 da awa 14 da minti 40, da ayarin masu taimako a bayansa. Jenny Graham ta yi shi ita kaɗai cikin kwana 124 a 2018, Lael Wilcox ta Amurka kuma cikin kwana 108 a 2024. Dukansu sun bi ta Ostireliya, Kanada, Amurka da ƙasashen Turai.